Sawun Gwiwa a Rumfar Wiwi

An sace tushe uku na wiwin magani daga rumfar ƙungiyarmu, saura kwana uku jami'an lardi su zo ƙirga.

Lasisin da aka ba mu na tushe hamsin ne cif. Kowane tushe da lambarsa a rataye, an ɗauki hotonsa, hoton yana can ofis. Fure na asibiti ne, su matse mai su ba marasa lafiya. Namu ganye da kara da saiwa. In suka ƙirga suka ga giɓi, ba a kuwa miƙa musu ɓarawo ba, za su rubuta cewa mu muka karkatar da shi kasuwa, a ƙwace lasisi, a rufe rumfa. Mutum goma sha bakwai ke shan man nan a garinmu Ban Non Tum, har da matata Wandi, wadda in ba ta ɗiga shi ƙarƙashin harshe ba, karkarwa ba ta barin hannunta ya kai loma baki.

Sunana Samran, bin sawu ne aikina. Na shekara ashirin ina bin ɓarayin ɓauna, har aka daina kiwonta kowa ya sayi tarakta. Shi ya sa Lamduan, shugabar ƙungiya, ta aiko a kira ni safiyar Talata tun kafin ta kira ɗan sanda.

Na iske rabin gari a cikin rumfar.

Na ce, "Wa ya ce ku shiga?"

"Yaya Samran, dubawa suka zo yi," in ji Lamduan.

"Sun duba da ƙafafunsu. Ku fita! Ke ma Inna, fita, ba kasuwa ba ce."

Suka fita suna ƙunƙuni. Hanyar tsakiya kam ta gama lalacewa, sawu kan sawu. Na dubi ƙofa, kwaɗo lafiyarsa lau.

"Ina makulli yake kwana?"

Lamduan ta sunkuyar da kai. "Ƙarƙashin randar ban ruwa."

"Wa ya sani?"

"Mu bakwai na ƙungiya."

"Da matanku, da mazanku, da surukanku, da karen mai gari. Kyamara fa?"

"A kashe take tun jiya da tsakar rana. Sai yanzu na jona ta."

Na ji kamar in koma gida in kwanta. Wata takwas muka yi muna cika takardu don wannan rumfa, aka sa mu yin shinge mai tsayin mutum da rabi, aka sa mu sayen kyamara, ga makulli a ƙarƙashin randa.

Tushe ukun a layin ƙarshe suke, jikin ragar gabas. Ba fizge su aka yi ba. An tona da haƙuri, an mayar da ƙasa cikin ramin, har an daddaɓe ta da tafin hannu. Tsakanin layin da raga akwai ɗan lungu da ƙyar mutum zai ratsa a kaikaice, an zuba masa ƙaiƙayin shinkafa don hana ciyawa. Nan ne kaɗai 'yan kallo ba su taka ba. Ƙaiƙayi ba ya riƙe siffar ƙafa, amma yana riƙe nauyi. A gaban kowane rami akwai gurbin gwiwa biyu.

Na daɗe a tsugune. Ga hanya shimfiɗaɗɗiya ta yamma, inda mutum zai durƙusa ya yi aikinsa a sake. Me zai sa ya matse kansa a lungu, ba sau ɗaya ba, har sau uku? Ban sani ba, ban kuwa ce wa kowa komai ba.

A waje mutane sun riga sun gama shari'a.

"Tawi ne."

"Wa kuma? Ga sawun takalminsa nan bayan shinge."

Gaskiya ne, sawun yana nan a bakin magudana. Takalmin taya ne mai yankakken diddige, kowa ya san na Tawi ne. Bara ya fito daga gidan yari, shekara huɗu ya yi a kan sayar da ƙwaya.

* * *

Na same shi a ƙarƙashin gidansa da ke kan ginshiƙai, yana feɗe kifi.

"A'a, Kawu Samran da kansa! Yau kuma me aka rasa, kaza ko agwagwa?"

"Wiwi tushe uku."

Ya ajiye wuƙar. "To na ci gaba. Da ne kaza."

"Ina ka kwana jiya?"

"Nan."

"Wa ya gan ka?"

"Kwaɗi. Ka tambaye su, ba sa ƙarya."

"Tawi, ba raha na zo yi ba. Sawunka yana bayan shinge."

"Kawu, tarkona yana can ƙasan magudana. Safe da yamma ta nan nake bi, ko in yi fiffike? Ni ƙwaya na sayar, na biya. In zan koma can, ba a kan ganyen da kakata ke jefawa a miyar kaza ba."

Na duba gidan sama da ƙasa, bai hana ni ba. Ban ga komai ba sai ƙarnin kifi. Na koma na bi sawun daga farko. Bai taɓa karkata wajen shinge ba, takunsa ɗaya zuwa da dawowa. Mutumin da ya ɗauko itace uku da ƙasar saiwarsu, diddigensa zai nutse, takunsa ya gajarta. Na faɗa wa mai gari haka, ya dube ni kamar na ba shi labarin mafarki.

"Samran, ɗan sanda ba zai rubuta diddige a takarda ba. Suna yake so."

* * *

Laraba na tafi wajen Udom, mai sayar da taliya a bakin titi, ɗan ƙungiya ne shi ma. An ce min shi ya zare wayar kyamara. Tun da aka halatta ganye yake sa shi a romo, ya rubuta allo wai taliyar dariya, kullum kuma yana mitar cewa da za a bar masa fure da ya sayi mota.

"Yaya, zauna ka ci kwano ɗaya, fuskar nan taka tana bukatar romona."

"Me ya sa ka kashe kyamara?"

"Kashewa? Ni aron wuta na yi! Litinin aka ƙona Iya Thongbai, ka manta? Lasifikar haikali ta ƙi tashi, sufaye suna jira, na ja doguwar waya daga rumfa tunda katanga ɗaya ce tsakani. Ramin jona wuta ɗaya ne a wurin. In bar tsohuwa ta tafi ba kiɗa?"

"Da aka gama fa?"

Ya sosa ƙeya. Matarsa ta leƙo daga bayan tukunya.

"Da aka gama ya sha ya yi tatil, Yaya. A baro aka kawo min shi. Ni na kulle shi a ɗaki kada ya faɗa rijiya, makullin a ƙuguna ya kwana. In ka ga ya saci wani abu daren nan, to minshari ne ya sata wajen alade."

"Kin ji ki! A gaban mutane?"

Na buɗe tukunya, na buɗe buhunan bayan shago. Ganye ne kawai, wanda doka ta ba shi. Na bi sauran 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, kowa da wanda ya kwana kusa da shi. Mutum ɗaya ne a garin nan ba shi da shaidar dare, Tawi.

Da yamma Lamduan ta tare ni a hanya, idonta ya faɗa. Ita ta sa hannu a lasisi.

"Sajan 'yan sanda zai zo gobe ƙarfe huɗu, a zauren haikali. Ya ce in akwai suna zai rubuta sata, jami'ai su gani ranar Juma'a, su ja mana kunne su wuce. In babu, shi ba ruwansa."

"Ba Tawi ba ne."

"To wane ne?"

"Ban sani ba."

"Yaya, mutum goma sha bakwai. Da taka matar. Shi ya saba da can."

"Ke kika faɗi wannan da bakinki, Lamduan?"

Ta hau babur ɗinta ta tafi.

* * *

Alhamis da safe Wandi ta ce cikinta yana murɗa, in tono mata saiwar magani a bayan gida. Na ɗauki 'yar fartanya na tafi, hankalina yana can rumfa. Na isa gindin tsiron, na zagaya ta yamma, na durƙusa. Sai da na kafa fartanya na tsaya cak.

Me ya sa na zagaya? Ga shi ta gabas na fito, nan ya fi kusa.

Saboda Baba Kaen ne. Shi ne mai maganin garin nan tun kafin a gina asibiti, shi ya koya min daji. Ina ɗan shekara tara ya make min ƙeya a kan wannan. Ba a barin inuwar mutum ta faɗa kan maganin da zai tona, in ta faɗa ƙarfinsa ya tafi. Da safe ka durƙusa ta yamma, da yamma ka durƙusa ta gabas. Sannan ka mayar da ƙasa ka rufe ramin, ka roƙi gafara. Shekara arba'in ke nan, ƙafata tana yi ba tare da ta tambaye ni ba.

Da dare babu inuwa. Ɓarawon dare ta hanya zai durƙusa. Wanda ya matse kansa a lungun gabas, rana tana yamma ya yi aikinsa, tana ratso raga. Kwana biyu na ɓata ina tambayar mutane inda suka kwana.

Litinin da yamma kuwa duk gari yana haikali. Ƙarfe huɗu aka kunna wa Iya Thongbai wuta. Udom yana raba taliya. Tawi na gan shi da idona, shi ya ɗauki gaban akwati, shi ya tsaya yana gyara itace har ta cinye, don aikin da ba mai so ne. A garinmu mutum ɗaya ne ba a jin haushinsa in bai zo ƙona gawa ba: mai jinyar wanda ya yi nisa, don kada ya kwaso masa iskar wurin.

Gida ɗaya ne ke da irin wannan mara lafiya.

* * *

Tun daga tsani na ji ƙanshin man kwakwa da abin da aka dafa a ciki. Nuan, 'yar Baba Kaen, tana zaune a baranda tana wanke tsummoki. Ta kusa hamsin, ita kaɗai ta rage masa. 'Yar ƙanwar uwar Lamduan ce, takan taya su ban ruwa in ta sami sarari.

Ta ɗago ta dube ni. "Ka zo, Yaya."

"Na zo."

"Yi a hankali, barci yake. Rabonsa da barci irin wannan tun damina."

Na leƙa. Ciwon dajin hanta ya cinye shi, ya zama rawaya kamar kurkum, cikin ya kumbura. Motsina ya tashe shi.

"Wane ne? Samran mai taurin kai? Har yanzu kana bin kashin ɓauna?"

"Babu ɓaunar, Baba."

"To bi tarakta, ita ma tana zubar da mai." Ya yi 'yar dariya, tari ya biyo. "Ka ga man asibiti ya gyaru wannan karon. Da alama sun ɗauki mai hankali aiki."

Ya koma barci. Muka sauko ƙasa ni da ita.

"Bai sani ba," in ji ta.

"Na gani. Ina itatuwan?"

"Fure na dafa, kara na ƙona. Ba abin da zai koma rami."

"Nuan, kin san abin da kika jawo?"

"Kai ka san abin da nake ji? Kwalba ɗaya suke ba shi a wata, kamar ɗan yatsa. Kwana goma sha biyu ta ƙare. Sauran kwanakin yana cizon matashi don kada maƙwabta su ji. Na ce a ƙara, likita ya ce ƙa'ida ke nan. Na ce a ba ni izinin tushe shida a gida kamar yadda ake faɗa a rediyo, aka ce sai ɗan ƙungiya. Na ce a sa ni a ƙungiya, aka ce sunana yana rajistar gidan tsohon mijina a wata gunduma. Sau huɗu ina zuwa ofis, wai sai shi ya sa hannu, shi kuwa yana Koriya yana tsinkar tumatir. Mutumin nan da ke kwance, tushe arba'in yake shukawa a bayan gidan nan kafin sojoji su zo su ƙone. Shi ya koya wa iyayenku. Yau ɗigo ake auna masa."

Ba ƙarya a maganarta.

Na ce, "Ƙarfe huɗu za a ba Saja sunan Tawi."

Ta zauna a matakin tsani.

"Ni ba zan kira sunanki ba. Amma ba zan bari a kira nasa ba. In ba suna, gobe a rufe rumfa, kwalbar Baba ta tafi, ta Wandi ta tafi. Ban zo lallashinki ba, yadda abin yake na faɗa miki."

"In na tafi wa zai juya shi?"

"Ban sani ba."

* * *

Zauren haikali ya cika. Saja yana zaune kan kujera da littafinsa, mai gari a gefensa, sauran mu a tabarma. Tawi yana can ƙarshe shi kaɗai, an bar fili tsakaninsa da mutane. Ya zo da 'yar jakarsa a ɗaure.

Mai gari ya fara, "Yallaɓai, mutanen gari sun..."

Na miƙe. "Mutanen gari ba su bi sawu ba, ni na bi. Ba da dare aka yi satar nan ba. Litinin ne da yamma, muna nan muna ƙona Iya Thongbai."

Na faɗi maganar gwiwa da inuwa. Tsofaffi suka fara kallon juna, don sun san abin. Saja ya daina rubutu.

"Inuwa? Kawu, inuwa zan kai wa jami'an lardi?"

"Kai musu abin da ka ga dama. Wa ya ɗauki gaban akwati ran Litinin? Wa ya tsaya bakin wuta har magariba? Udom, kai ka miƙa masa taliya, ko giya ta shafe wannan ma?"

"Na miƙa masa," in ji Udom a hankali. "Kwano biyu."

"To ba shi ba ne."

Wuri ya kaure. Wata ta ce ba wanda ya sa ni. Wani ya ce tun ina yaro haka nake, in an ce gabas in ce yamma. Mai gari ya buga tafi.

"Samran, ka wanke wannan, mun ji. Ba mu wani."

"Ba ni da shi."

"Ƙarya kake!" in ji Lamduan. Na gane ta riga ta lissafa wanda bai zo ƙona gawa ba. "Ka zauna, Yaya. Ina roƙonka ka zauna haka nan."

Saja ya rufe littafi. "To, ni na tafi. Gobe ku yi wa jami'ai bayanin inuwa."

Ya miƙe ke nan sai ga Nuan a ƙofar zaure. Ta tuɓe takalmi, ta ratso mutane a sunkuye, ta durƙusa gabansa. Ta ajiye lambobi uku na roba a tabarma, ta ajiye kwalbar zuma cike da koren mai.

"Ni ce, Yallaɓai. Ba 'yar ƙungiya ba ce ni, duba takardarsu, sunana ba ya ciki. Ba wanda ya ba ni makulli, ni na ɗauka."

Tawi ya kwance jakarsa ya sake ɗaurewa.

Saja ya ɗaga kwalbar ya duba. Ba mugun mutum ba ne.

Ta ce, "Ka bar masa rabi. Ko kwata."

"Yaya, shaida ce. In na rage, ni ma na shiga ciki."

"Cokali biyu fa?"

Ya sa kwalbar a leda ya ɗaure bakinta.

* * *

Juma'a jami'ai suka zo su uku da farar mota. Suka ƙirga arba'in da bakwai, suka karanta takardar Saja, suka ce a sayi akwatin ƙarfe na ajiye makulli, a ƙara ramin jona wuta. Suka sha ruwan kwakwa suka tafi. Lasisi ya tsira.

Kotu ta yanke wa Nuan shekara biyu, aka rage rabi don ta amsa laifi da bakinta.

Baba Kaen ya yi kwana ashirin da shida bayan tafiyarta. Ni da Lamduan da Tawi muke karɓa-karɓa wajen juya shi. Mun ce masa ta tafi birni neman takardar izini. Sabuwar kwalbarsa ta kai shi kwana goma sha biyu. Wandi ta ba da tata, ta koma ci da taimakona, ya ƙara biyar. Sauran taran ba zan rubuta su ba. Mun nemi a kawo Nuan ko na awa ɗaya ta kunna masa wuta, takardar ta fito bayan mun kwashe toka.

Da damina ta kama aka sauya doka. Aka cire wiwi daga jerin haram, kowa ya shuka a bayan gidansa, har mota ta zo tana raba tsiro kyauta, Udom ya karɓi biyu ya koma layi ya karɓi biyu. A cikin watan aka saki Nuan. Wata bakwai ta yi.

Ni na ɗauko ta daga tasha a babur. Muka iso gindin tsaninsu. Ta sauka, ta tsaya tana kallon baranda.

"Yaya, abu ɗaya zan tambaye ka. Kowa ya ce min cikin barci ya tafi. Kai ba ka iya ƙarya ba. Ya neme ni?"

Na ce, "Kwana tara yana kiran sunanki, dare da rana."

Ta gyaɗa kai. Ta hau tsanin a hankali, ta shiga, ta rufe ƙofa.